Kalmar “charge”: daga cajin waya zuwa takardar tuhuma

Akwai kalmomin Turanci da Hausa ta ara, ta riƙe ma'ana ɗaya ko biyu daga cikinsu, ta bar sauran a inda ta same su. “Charge” tana cikin irin waɗannan. A bakin Bakano ta zama caji: cajin waya, kuɗin cajin mai POS, caji ofis. Da yake kunne ya saba da ita, mutum yakan ɗauka ya gama saninta, sai ranar da ta zo masa a takardar kotu, ko a yarjejeniyar bashin banki, ko a kanun jarida, ya karanta ta da ma'anar da ya sani, ya tashi da abin da ba a faɗa ba. Kalmar da ba ka taɓa ji ba takan tura ka buɗe ƙamus. Wadda ka saba da ita kuwa ba ka neman ta, shi ya sa kuskurenta ya fi yawa.

Turanci ya karɓo ta daga tsohon Faransanci a wajen ƙarni na 13, shi kuma Faransanci ya gaje ta daga kalmar Latin “carricare”, wato yi wa amalanke lodi. Tushensu ɗaya da “car” da “cargo” da “carry”. Ma'anarta ta asali ke nan: ɗora kaya. A nan Bahaushe ya yi sa'a, domin “ɗora” tamu ma haka take yawo. Ana ɗora wa jaki kaya, ana ɗora wa mutum laifi, ana ɗora masa nauyi, ana ɗora masa haraji. Kusan duk inda ka ga “charge”, idan ka tambayi kanka me aka ɗora, kuma wa aka ɗora wa, ka kama hanya. Amsar kuma tana cikin 'yar ƙaramar kalmar da ke biye da ita: “for”, “with”, “to”, “on”, “of”, “at”. Wanda ya tsallake wannan 'yar kalmar bai karanta jimlar ba.

Idan “for” ce ta biyo baya, maganar kuɗi ake yi. Tsarin jimlar shi ne mai aiki, sai “charge”, sai wanda zai biya, sai adadin kuɗin, sai “for” da abin da aka yi: “The tailor charged me eight thousand naira for the kaftan.” Tela ya karɓi dubu takwas kuɗin ɗinki. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne haɗa ta da “cost”. Mutum ne yake “charge”, kaya kuma su ne suke “cost”. Ba a cewa “How much does this cloth charge?” A Kantin Kwari farashin shadda “price” ne, amma kuɗin ɗan dakon da ya kai dilar bakin mota “charge” ne, domin ladan aiki ne ba kuɗin kaya ba. Idan aka ce “charge it to my account”, da “to”, ana nufin a rubuta a kaina, zan biya daga baya. “Free of charge” kyauta ne, kuma ba a sa masa “the” a tsakiya. “Overcharge” tsawwala kuɗi ne. “Surcharge” kuwa ƙari ne a kan ainihin kuɗin, amma a aikin gwamnati tana da wata ma'ana mai zafi: cire kuɗi daga albashin ma'aikaci don ya biya asarar da masu binciken kuɗi suka ce shi ya jawo ta.

A takardar bayanin asusun banki, “charges” su ne 'yan kuɗaɗen da ake zaftarewa. Babban Bankin Najeriya ne yake fitar da jadawalinsu. A wanda ya fara aiki a Janairun 2020, tura kuɗi zuwa wani banki naira 10 ne idan bai wuce 5,000 ba, naira 25 daga nan har zuwa 50,000, naira 50 idan ya haura haka. A kan wannan ake ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, shi ya sa a ƙarƙashin wancan jadawalin aka riƙa ganin 10.75 da 26.88 da 53.75 a alat. VAT ɗin a kan kuɗin aikin yake, ba a kan kuɗin da ka tura ba, kuma wannan ne mutane da yawa ba su gane ba. Duk wanda zai rubuta wa banki takardar ƙorafi ya kamata ya rarrabe: “charge” kuɗin da banki ya karɓa ne don aikinsa, “levy” da “duty” na gwamnati ne banki yake tattara mata, “debit” kuma duk wani abin da ya fita daga asusu ne, ko da kai ka cire shi da hannunka.

Sai dai a bankin nan guda akwai wata “charge” da ba ta da alaƙa da kuɗin aiki, kuma ita ce na fi so ɗan kasuwa ya sani kafin ya sa hannu. Idan yarjejeniyar bashi ta ce “a charge over the company's assets” ko “a charge on the property”, jingina ake nufi. Bashin ne aka ɗora a kan dukiyar. Iri biyu ce. “Fixed charge” tana kan takamaiman abu, kamar gini ko injin niƙa, kuma ba ka da ikon sayar da shi sai da yardar mai bin bashi. “Floating charge” tana kan kayan da ke shiga suna fita, kamar hajar da ke sito a Singer ko buhunan hatsi a Dawanau. Kana saye kana sayarwa yadda ka saba, amma ranar da ka gaza biya sai ta sauka a kan duk abin da ke cikin siton a lokacin, hannunka ya fita daga kai. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce a yi wa irin wannan jingina rajista a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, cikin kwana 90. Mutumin da ya ga “charge” a wannan shafi ya ɗauka wani ɗan kuɗin takarda ne, ya jinginar da kasuwarsa bai sani ba. Daga wannan ma'anar ce kuma “first-line charge” ta fito a maganar kasafin kuɗi: kuɗin da ake cirewa kai tsaye daga asusun tarayya tun kafin a raba wa ma'aikatu, kamar na ɓangaren shari'a da na hukumar zaɓe.

Yanzu sai “with”, wadda ita ce ta fi rikita masu fassara. “He was charged with theft” na nufin an tuhume shi da sata. Tuhuma ce kawai, ba a kama shi da laifi ba tukuna. Matakan a jere suke, kuma kowanne da kalmarsa: “arrested” an kama shi, “charged” an tuhume shi a hukumance, “arraigned” an gurfanar da shi an karanta masa tuhumar ya amsa ko ya musanta, “convicted” kotu ta same shi da laifi, “sentenced” an yanke masa hukunci. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ana ɗaukar sa marar laifi har sai an tabbatar da laifin. Don haka mai fassara labari a rediyo ko a Facebook da ya mayar da “charged with” ta zama “an same shi da laifin” ya yanke wa mutum hukuncin da alƙali bai yanke ba, kuma a gari irin Kano, inda labari ke isa unguwa kafin mai shi ya koma gida, wannan ba ƙaramin zalunci ba ne. Sashen nan dai ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin a sanar da shi laifin da ake zargin sa da shi cikin harshen da yake ji, kuma a ba shi tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da kotu ke aiki da shi. Wanda aka karanta wa tuhuma da Turanci a kotun majistare ta Nomansland ko a babbar kotu, bai gane ba, yana da ikon ya ce bai gane ba kafin ya amsa komai.

Takardar da ke ɗauke da tuhumar ita ce “charge sheet”, kowane laifi guda a cikinta kuma “count” ne. “A three-count charge” tuhuma ce mai laifuka uku, ba an gurfanar da mutum sau uku ba. A kotunan majistare na Arewa an saba fara shari'ar laifi da rahoton farko na 'yan sanda, wanda ake kira FIR. Caji ofis ɗin da muke faɗa ya samo suna ne daga “charge office”, ɗakin da ake rubuta abin da ake zargin mutum da shi, sai sunan ya bazu ya rufe ofishin 'yan sanda gaba ɗaya. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar da ba ta wuce kilomita 40 ba, ko kwana biyu idan babu, ban da laifukan da hukuncinsu kisa ne. “Press charges” shi ne mai ƙorafi ya dage a kai magana kotu. “Drop the charges” janye tuhuma ne. “Trumped-up charges” tuhumar ƙage ce.

Akwai bambancin da iyalai ke tafka asara a kansa, tsakanin “discharged” da “discharged and acquitted”. “Discharge” sauke kaya ne, kishiyar ɗorawa. Idan kotu ta ce “discharged” kawai, an sallami mutum, sau da yawa saboda mai gabatar da ƙara bai kawo shaidu ba ko bai bi ƙa'ida ba, kuma ana iya sake kama shi a gurfanar da shi a kan maganar nan. Idan ta ƙara da “acquitted”, an wanke shi, kuma tsarin mulki ya hana a sake yi masa shari'a a kan laifin. Duk wanda ɗan'uwansa ya fito, ya nemi kwafin hukuncin a wajen magatakardan kotu ya duba wacce aka rubuta. “Discharge” ɗin nan ita ce dai a takardar sallama daga asibiti, ita ce a takardar kammala hidimar ƙasa, ita ce idan jirgin ruwa ya sauke kaya a Apapa, ita ce idan batir ya zube. A takardar likita kuma tana iya nufin ruwa ko mugunya da ke fita daga ciwo.

Sai dai ba duk “charged with” ce tuhuma ba, kuma a nan ne ake zamewa. “The committee is charged with investigating the fire” ba ta nufin ana tuhumar kwamitin. An ɗora masa alhakin binciken gobarar ne. Tsarin jimlar iri ɗaya ne sak, abin da ya biyo bayan “with” ne kawai yake rarrabewa: idan laifi ne, tuhuma ce, idan aiki ne, nauyi ne aka ɗora. Jaridun Najeriya kuma suna da wata tasu da suke ƙauna ƙwarai: “Governor charges pilgrims to be good ambassadors.” Wannan “charge” mai “to” da aikatau a bayanta horo ne ko kira: gwamna ya hori alhazai, ya ja hankalinsu. Ba kuɗi ya ce su biya ba, ba kuma kotu ya kai su ba. “Charges them on discipline” ma haka take, ya ja hankalinsu a kan ɗa'a. Wannan salon ya fi yawa a jaridunmu. Bature a yau zai fi cewa “urges”.

Daga ma'anar nauyi ne “in charge” ta fito, wadda ma'aikatan lafiya suka mayar incaj, shugaban ƙaramin asibitin unguwa. A nan kalma ɗaya tak take juya magana. “The nurse is in charge of the children” na nufin nas ce ke kula da yaran. “The children are in the charge of the nurse” na nufin yaran suna hannunta. Idan ɗalibi ya manta da “the” ya rubuta “The children are in charge of the nurse”, ya ce yaran ne ke shugabantar nas. Masu shirya jarrabawar WAEC da JAMB suna son irin wannan tarko. “Take charge” karɓar ragama ne. “Her charges”, idan ana maganar malama ko mai raino, yaran da aka ba ta amana ne, ba kuɗin da take karɓa ba. “Chargé d'affaires” kuma Faransanci ce zalla, da “sh” ake fara furta ta ba da “c” ba, kuma tana nufin jami'in da ke riƙe da ofishin jakadanci idan babu jakada.

Ma'anar lantarki, wadda a wajenmu ita ce ta farko, a Turanci daga baya ta zo. Benjamin Franklin na Amurka ya yi amfani da ita a shekarun 1740, yana kallon abin kamar ana ɗura wa tulu wuta. A ajin kimiyya “charge” sifa ce ta ƙwayoyin zarra, iri biyu ce, masu iri ɗaya suna ture juna, mabambanta suna jan juna, kuma ana auna ta da “coulomb”. Lissafinta shi ne ƙarfin gudun wuta sau lokaci: amfiya 2 na tsawon awa ɗaya, wato sakan 3,600, ya ba da coulomb 7,200. Lambar mAh da ke jikin batirin waya wannan abin take aunawa. Batir mai 5,000 mAh yana ɗaukar kimanin wat-awa 19, don haka cajar da aka rubuta wa 5V 2A, wato wat 10, za ta ɗauki sama da awa biyu kafin ta cika shi, domin wani kaso yana tafiya a zafi, kuma wayar da kanta takan rage gudun cajin idan ya doshi cika. Mai sayen caja a Farm Centre ya duba layin da aka rubuta “output”, ba “input” ba. Na farkon shi ne abin da take ba waya, na biyun abin da take karɓa daga soket.

A wannan fannin “overcharge” ba tsawwala kuɗi ba ce, cika batir ne fiye da ƙima. Batirin mota mai volt 12 idan ya cika yana hutawa yakan nuna wajen 12.6, idan injin yana aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4. Idan ya haura 15 ana “overcharging”, ruwan batir zai riƙa ƙonewa, batirin ya kumbura. Idan fitilar batir ta kama a dashbod mota tana tafiya, ba lallai batirin ne ya mutu ba, yawanci alternato ne ya daina ba shi wuta ko bel ya saki. A aikin sola, “charge controller” shi ne akwatin da ke tsakanin faranti da batir, aikinsa ya hana wannan cikar da ta wuce ƙima. Wanda ya haɗa faranti kai tsaye da batir don ya rage kuɗi zai sayi sabon batir ba da daɗewa ba. Ana fara haɗa shi da batir kafin faranti, domin ya gane volt ɗin da zai yi aiki da shi. Mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki idan ya ce “recharge”, gas zai ɗura. Agogon da ke jikin tukunyar kashe gobara yana da “recharge” a gefe ɗaya da “overcharged” a ɗaya gefen, allurar kuma a koren tsakiya ake son ta. Katin waya ma “recharge card” ne, duk da ba wuta yake ƙara wa wayar ba.

Ma'ana ɗaya ce ta ɗan yi nisa da ɗora kaya, ita ce ta kai farmaki a guje. “The bull charged at him”, sa ya taso masa. Idan babu mutum ko kuɗi a bayan kalmar, ko kuma “at” ko “into” ta biyo, yawanci wannan ake nufi. Marubutan Turanci da ke bayanin hawan sallah da ita suke kwatanta jahi, lokacin da mahaya ke sako dawakai a sukwane su ja linzami a gaban Sarki su ɗaga hannu. A tsofaffin littattafai “charger” ingarman yaƙi ne, ba cajar waya ba. A ƙwallon ƙafa “shoulder charge” bangaza ce da kafaɗa, wadda doka ta yarda da ita idan ana takarar ƙwallo kuma ba a yi ganganci ba. Albarushin da ake ɗura wa bindiga, da nakiyar fasa dutse, su ma “charge” ne, wanda ya mayar da mu ga ɗuri da lodi.

Ga mai buɗe ƙamus, hanyar da ta fi sauri ita ce ya fara tantance ko suna ce ko aikatau, domin ƙamus ya raba su gida biyu. Sannan ya duba 'yar kalmar da ke bayanta, ya nemi lambar da misalinta yake da irin wannan tsarin, kada ya tsaya a ma'ana ta ɗaya don ita ya fara gani. Daga nan ya dubi takardar da kalmar ta fito a ciki: ta banki ce, ta kotu ce, ko ta kwalin na'ura. Gwada da waɗannan biyun. “He was charged for the battery” na nufin an karɓi kuɗin batir a hannunsa. “He was charged with battery”, wadda ake yawan gani a labaran Amurka da Ingila, na nufin ana tuhumar sa da dukan wani, domin “battery” a harshen shari'arsu duka ne. Dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ba da wannan suna take kiran laifin ba, “criminal force” da “assault” take cewa, su ne za ka gani a takardar tuhuma a kotunan Kano.